Masu Ziyarar Ramukan Cu Chi

Kimanin kilomita 70 daga tsakiyar birnin Ho Chi Minh akwai yankin Cu Chi, inda 'yan gwagwarmayar Biyetnam suka fara haƙa ramuka a ƙarshen shekarun 1940 suna fafatawa da Faransa, suka kuma faɗaɗa su a yaƙinsu da Amurka har tsawonsu ya kai wajen kilomita 250. Ramammu ne suka haƙa su da 'yar fartanya da kwando don kada a gan su. Yau ƙosassu ne ke biyan kuɗi su shiga don a gan su.

Na gaba-gaba shi ne Sarkin Yaƙin cikin mota. Tun a hanya ya cika wa kowa kunne cewa shi ko rijiya ya taɓa shiga. Ɓangaren da ake kai baƙi an faɗaɗa shi, an sa fitilu, an kuma yi mafita kusan kowane mita 20, saboda irinsa. Shi zai fara kutsawa. Da zafi ya lulluɓe shi, gwiwa ta fara gurzar ƙasa, na bayansa ya tare hanyar komawa, sai murya ta canza. A mafitar farko zai ɓullo yana karkaɗe wando, yana cewa ai ya gane tsarin, sauran duk maimaici ne.

Mai tumbi ya fi ban tausayi. Jagora zai share busassun ganye da ƙafa, ya ɗaga wani murfin katako da bai fi faifai ba, ya zura ƙafafu, ya ɗaga hannuwa sama riƙe da murfin, ya nutse. Ko alama babu. Sai mai tumbi ya ce shi ma a ba shi. Har ƙugu lafiya lau. Daga cibiya kuwa ƙasa ta ce ba ta san zancen ba: shi bai shiga ba, shi bai fito ba. Ƙarti biyu na jan sa ta hammata, uwargida na ɗaukar bidiyo tana cewa, "Maigida, a ɗan shanye cikin mana!"

Akwai kuma Malam Na-sani, wanda fim biyu ya kalla. Jagora na bayanin yadda ake ɓoye kafofin iska cikin suri, da yadda ake zuba barkono don ɓatar da karnukan Amurka, da murhun Hoang Cam mai raba hayaƙi ta dogayen hanyoyi har ya fito nesa yana bin ƙasa, shi kuwa yana gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne", kamar da shi aka haƙa. In aka ce a 1967 sojoji kusan 30,000 sun yi wa yankin dirar mikiya amma ramukan suka gagara, sai ya fara zana a ƙasa yadda da ya kamata a yi.

Mai hoto ba ruwanta da wannan. Ta hau lalatacciyar tankar Amurka, ta tsaya bakin tarkon tsinin gora tana murmushi, ta tambaya ko za a sake buɗe shi don hoton bai fito ba. Ɗan bindiga-daɗi kuma tuni ya sulale filin harbi, ya sayi harsashin AK-47, bai ma lura an ɗaure bindigar a jikin katanga ba.

A ƙarshen zagaye ake zaunar da kowa a kawo shayi da dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri, abincin da mayaƙan suka rayu a kai. Turawa na gutsura a hankali suna yaba ɗanɗano. Nan ne mutuminmu zai tafa hannu: "Yanzu duk kuɗin jirgin nan, rogo na zo ci?" Ya cinye nasa, ya jawo farantin maƙwabcinsa, ya tambayi jagora ko ba su da ɗan yaji.