Bakina Ya Jefa Ni Tafkin Windamiya

An ce baki shi ke yanka wuya, to ni nawa ruwa ya jefa ni. Walimar suna muka je gidan wani ɗan'uwa a Manchesta, tsakiyar hunturu, an ci waina an kora da zoɓo, hira ta gangaro kan wasannin yarinta. Wani ya ce shi gwanin langa ne, wani ya ce dambe. Da aka zo kaina sai na gyara zaman hula na ce a unguwarmu a Kano ba a taɓa yin ɗan ninkaya irina ba, kududdufin bayan gidanmu nakan ƙetare shi in dawo ban ja numfashi ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, ko damina ta kai damina ruwan nan iyakarsa ƙirjina, kuma rabin ninkayar da ƙafa a ƙasa nake yin ta.

A wurin akwai wani likita Bazazzagi mai shiru-shiru. Ya zaro waya ya ce, "Malam, ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk watan Yuni ana ninkaya a tafkin Windamiya, bari in saka sunanka." Kafin in haɗiye wainar da ke bakina ya biya kuɗin rajista, ya zaɓa mini mil biyu. Jama'a suka ɗauki kabbara. Uwargida ta ji komai daga ɓangaren mata, amma ba ta tanka ba sai da muka shiga mota. Ta ce, "Abban yara, lambar katin bankin nan dai ka rubuta mini a takarda."

Da daddare na buɗe intanet don in san abokin karawata. Windamiya shi ne tafki mafi girma a Ingila cikin waɗanda ba mutum ne ya haƙa ba, yana arewa maso yamma, tsakanin duwatsun Kambiriya. Tsawonsa kusan kilomita 17, zurfinsa a wani wurin ya haura mita 60. Na yi lissafi: mil biyu ya ɗara mita 3,200, wato in tsallaka kwamin wanka mai mita 25 kusan sau 129 ba hutu. A daren nan na yi nafila mai tsawon da rabona da irinta tun jarrabawar gama sakandare.

Na fara zuwa kwamin wanka na unguwa. An raba ruwan layi-layi da igiya, na masu sauri daban, na 'yan tsaka-tsaki daban, na masu lallaɓawa daban. Bakano da girman kai, na faɗa layin masu sauri. Na shiga dukan ruwa irin namu na kududdufi, kai a sama, ido a rufe, hannuwa na faɗa da juna. Ban kai rabi ba na ji usur, mai gadin ruwa ya miƙo mini doguwar sanda, a zatonsa nutsewa nake yi. Na ce masa salon ƙasarmu ne. Ya ce to in kai salon layin ƙarshe. A can na tarar da wata tsohuwa Baturiya da ta isa ta yi jika da ni, tana wuce ni tana ba ni haƙuri. Ita ce ta koya mini abin da ya fi komai amfani: ka fitar da iska ta hanci kanka na cikin ruwa, ka juya gefe ka shaƙa, ka bar ƙafafu su taso. Wanda ya ɗaga kai sama, ƙugunsa ke nutsewa, ya yi ta jan jikinsa yana gajiya a banza. Shekara da shekaru ke nan ashe kokawa nake yi da ruwa.

Sai maganar sanyi, kuma a nan ne abin ya daina zama wasa. Ruwan kwami ana ɗumama shi zuwa wajen digiri 28. Na tafkin, a watan Yuni, bai cika wuce 15 ko 16 ba. Likitan ya yi mini bayani cewa da zarar fata ta ji irin wannan ruwa, numfashi ke ƙwacewa, mutum ya ja iska da ƙarfi ba da son ransa ba, zuciya ta hau gudu. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. Abin yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma jiki na sabawa idan ana maimaitawa. Maganin, in ji shi, wanka da ruwan sanyi kullum. Ni da ko a Kano, lokacin muku-muku, sai an dafa mini ruwa a tukunya. Ranar farko da na murɗa famfo, ƙarar da na saki ta sa maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko a kira 'yan sanda.

Daga nan na sayi rigar roba, baƙa, mai kama jiki daga wuya zuwa idon sawu, wadda ke riƙe ɗumi ta kuma taimaka wa mutum ya taso. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi ta ja ina nishi har gumi ya jiƙa ni. Da na fito, ga ni kamar an ɗura tuwo a safa. Ƙaramar 'yata ta fashe da kuka. Uwargida ta zagaya ni sau ɗaya ta ce, "Hoton jikin kwalin fa zip ɗin a baya yake." Cire ta ya fi saka ta wuya, sai da ta kama ƙafa ɗaya babban ɗana ya kama ɗaya. Rigar kuma tana gurje wuya, shi ya sa masu abin ke shafa mai. Kyaftin Matthew Webb ma, wanda ya fara ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo a 1875, cikin awa 21 da minti 45, sai da ya shafe jikinsa da man wata dabbar teku. Ni man kaɗanya na samu a kicin.

Labari ya isa Kano kafin in kai shi. Inna ta kira ta WhatsApp.

"Wai Turawan nan jirgin ruwa ne ba su da shi?"

Na ce, "Suna da shi, Inna, har na yawon buɗe ido a tafkin."

"To me ka rasa? Kuɗin jirgin ne? In aiko maka?"

Na kwantar mata da hankali cewa a Ingila babu kada babu dorina. Ta ce, "'Yan ruwa fa? Aljani ai ba ya neman biza." Washegari aka yi sadakar ƙosai a ƙofar gidanmu.

A watan Mayu muka hau jirgin ƙasa zuwa tafkin don gwaji. Aka ɗaura mini wata balan-balan ruwan goro a ƙugu don masu kwale-kwale su riƙa hango ni. Na shiga a hankali, na watsa ruwa a fuska, na yi salati har numfashi ya daidaita. Da na sa kai ciki, sai duhu. Babu baƙin layin nan na ƙasan kwami da ke nuna hanya, babu bangon da za a dafa a huta. Ƙa'ida ita ce duk bayan 'yan bugu ka ɗaga ido ka hango alamar da aka kafa a ruwa, domin kowa akwai hannun da ya fi ƙarfi, kuma shi ke karkatar da shi. Na hango wani abu ruwan goro, na sa shi gaba. Ina binsa yana ƙara nisa. Na ƙara himma, shi ma ya ƙara. Ashe balan-balan ɗin wani dattijo ce, shi kuma wancan ƙetaren ya nufa.

Ana haka na ji abu ya naɗe mini ƙafa. Maganar Inna ta faɗo mini, na yi kalmar shahada da ƙarfi, na sha ruwan Windamiya har na ƙoshi. Mai kwale-kwale ya iso a guje ya duba: igiyar balan-balan ɗina ce. Ya tambaye ni ina na nufa. Na nuna masa. Ya juya ni baya, ya nuna mini inda jama'armu suke, can nesa, likitan na ɗaga hula.

Na ɗauka fitowa ita ce ƙarshen wahala. Bayan kamar minti goma sai kyarma ta zo, domin zafin jiki na ci gaba da sauka ko an bar ruwan. Aka miƙo mini shayi, rabinsa a kan takalmin likita ya ƙare. Na roƙe shi a rage mini zuwa rabin mil, ya ce ya riga ya sanar a dandalin 'yan'uwa, har an yi hayar bas.

Yanzu dai takarda ta iso, an saka ni a rukunin ƙarshe, da hular roba ruwan hoda. Mai karatu, ka sa ni a addu'a. Wanda kuma yake kusa da Manchesta yana da babban flas na shayi da bargo mai kauri, don Allah ya ara mini kafin Yuni.