Babin Ɗumama Mota a Kwanakin Hunturu

Idan watan Disamba ya kama, iska ta taso daga Sahara da ƙurarta, leɓɓa suka tsattsage, almajirai suka kewaye wutar kara a bakin tsangaya, masu shayi kuma suka ga kasuwarsu ta buɗe, to, a sa'an nan ne wata al'ada takan farfaɗo a unguwannin Kano da Zariya da Kaduna, wadda ko da yake ba mu same ta a littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure ba, masu ita sun riƙe ta riƙon farilla, ba sa yarda ta wuce su ko da rana ɗaya. Al'adar nan ita ce ɗumama mota da asuba.

Ga sifarta, domin amfanin wanda Allah bai jarrabe shi da maƙwabci mai mota ba. Alhaji zai dawo daga masallaci sanye da suwaita a ƙarƙashin jallabiya, da safa, da hular sanyi wadda aka naɗa wa rawani, ya sa yaro ya wangale ƙofar gida, ya shiga mota da basmala, ya murɗa makulli. Da injin ya kama sai ya taka totur sau uku, ko biyar, ko bakwai, domin su ma a nan wutiri suke so, har tagogin unguwa su amsa, jaririn da uwarsa ta kwana tana lallashi ya farka, kaji su watse. Daga nan ya fito ya ɗaga bonet, ya tsaya da carbi a hannu, ya karkata kai yana sauraron injin da natsuwar masani, alhali kuwa da za a ce ya nuna inda ake zuba baƙin mai, sai an kira direba.

Malaman wannan fanni sun yi saɓani a kan gwargwadon lokacin da ya wajaba. Wasu sun tafi a kan cewa sai allurar zafi ta kai tsakiya. Wasu suka ce a'a, ma'aunin shi ne maigida ya shanye shayinsa, ya kuma saurari labaran safe har ƙarshe. Akwai kuma masu tsanantawa, waɗanda ke ganin ko ba za a fita da motar ba ranar nan, barin ta ba ɗumi zalunci ne da za a tambayi mutum a kansa. Abin da duka ɓangarorin suka yi ijma'i a kai guda ne, wato ɗumamar da maƙwabta ba su ji ba, ba ta inganta ba, sai an sake.

Na bi isnadin wannan hukunci domin in ga inda ya tuƙe. Alhaji ya karɓo daga direbansa, direba daga bakanike, bakanike daga ubangidansa wanda ya koya masa sana'a, shi kuwa ubangidan ya buɗe ido ne a kan Peugeot 504, Fijon nan da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. To, a wancan zamani fatawar sahihiya ce, babu ja. Motocin lokacin da kafireto suke aiki, shi ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin, fetur kuwa idan ya ji sanyi ba ya saurin zama tururi, sai ya lafe a jikin bututu, injin ya yi ta tari yana mutuwa. Shi ya sa ake jan cok a rage iska a ƙara mai, a kuma jira ƙarfe ya yi ɗumi, don kada mota ta kunyata mutum a tsakiyar mararraba. Amma tun farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci a Turai da Amurka suka yi sallama da kafireto, suka koma ga injin da kwamfuta ke auna masa zafi da iska, ta fesa masa mai daidai buƙatarsa tun daga murɗa makulli. Hukuncin farko ya zama mansuhi ke nan, sai dai labarin shafewar bai iso unguwarmu ba. Abin da masana injin ke faɗa yau shi ne a ba mota kamar rabin minti baƙin mai ya zagaya, sa'an nan a ja ta a hankali, domin a tafe take saurin ɗaukar zafi. Barin ta tsaye tana ruri cikin sanyi kuwa, fetur ɗin da ya yi yawa yakan wanke man da ke jikin silinda, kuma taka totur tun mai yana da kauri shi ne ainihin cutar da ake cewa ana yi wa magani.

Kada mai karatu ya zaci ina musun sanyi. Akwai bayin Allah a duniya waɗanda uzurinsu karɓaɓɓe ne. A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, ma'auni ya sauka daraja 40 ƙasa da sifiri a watan Janairu ba abin ba da labari ba ne, a ƙauyen Oymyakon ma na wannan yanki an taɓa auna 67.7 ƙasa da sifiri a 1933. A irin wannan sanyi baƙin mai yakan daskare, batir ya rasa ƙarfi, man gas ya yi kitse ya toshe matata, har wanda ba shi da gareji mai ɗumi yakan bar injin a kunne dare da rana, ko kuwa ya jingine motar sai bazara. Direbobin manyan motoci a can sukan kunna wuta a ƙarƙashin injin domin mai ya narke, abin da in aka yi shi a tashar Unguwa Uku sai a kira 'yan kwana-kwana. A Kanada da arewacin Amurka kuwa, wani injiniya mai suna Andrew Freeman, mutumin jihar Dakota ta Arewa, ya ƙago wani ƙarfen lantarki da ake cusawa a jikin injin ya ɗumama ruwansa tun da dare, aka yi masa rajistarsa a 1949, shi ya sa za ka ga motocinsu da 'yar igiyar wuta tana leƙowa ta gaba, wuraren ajiye motoci kuma da turaku masu soket. Mutanen Finlan da Suwidin su ma haka suke yi, masu hali kuma su sa wani ɗan murhu na kamfanin Webasto ko Eberspächer, wanda ke tsotsar mai kaɗan daga tanki ya ɗumama injin da cikin mota ba tare da an tayar da ita ba. Wasu kuma daga ɗaki suke latsa maɓalli mota ta tashi da kanta.

Abin da zai ba ka mamaki, waɗannan da ƙanƙara ke rufe wa ƙofa su ne hukumominsu suka fi tsananta musu. A Jamus barin injin yana aiki ba dalili laifi ne mai tarar Yuro 80, a birnin Stockholm kuwa minti ɗaya doka ta yarje. Mu da a Kano da ƙyar ma'auni yake sauka ƙasa da daraja 10 a saman sifiri, da ruwan randa bai taɓa daskarewa ba tun zamanin Bagauda, mu ne muke ba mota rabin sa'a. Mutanen Jos, da ke zaune a kan tudu, ina iya yi musu rangwamen minti biyu saboda zumunci.

Yanzu ga inda lamarin ya fi daɗi. Galibin motocinmu 'yan Kwatano ne da 'yan Beljiyam, daga waɗancan ƙasashe masu sanyi aka kwaso su, sun zo da duk kayan ɗuminsu cif. A cikin kayan akwai wata 'yar ƙofa a hanyar ruwan injin, ana ce mata tamostat, aikinta ta tsare ruwa kada ya tafi lagireto har sai injin ya kai zafinsa, wajen daraja 90, sa'an nan ta buɗe. Ranar da mota ta fara zuwa gareji, ranar ce ranar ƙarshe ta wannan 'yar ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wannan ta ƙasar Turawa ce," in ji bakanike, yana jefa ta cikin kwalin tarkace. "Nan ƙasar zafi ce, in aka bar ta sai ta ƙone maka gasket."

"To, Malam, kai ka san aikinka, yi abin da ya dace."

"Fanka ma bari in haɗa maka ita kai tsaye, da ka murɗa makulli ta kama."

Haka za a yi, Alhaji ya biya yana godiya. Daga ranar ruwa zai riƙa kewaya lagireto tun injin yana sanyi, fanka tana kaɗa shi, allurar da ake jira ta kai tsakiya ba za ta kai ba sai an yi nisa, motar kuma ta ƙara shan mai domin kwamfutarta tana zaton har yanzu asuba ce. Misalin Alhaji a nan misalin wanda ya kunna kasko a ɗaki ne, sa'an nan ya ba kafinta lada ya cire masa ƙyaure.

Cikin motar ma haka abin yake, domin hita ba ta da wutar kanta, zafin ruwan injin take ara, fanka ta huro shi ciki. Injin da aka hana shi zafi, me zai ba da aro? Wasu kanikawan ma sukan toshe bututun hitar gaba ɗaya, a huta. Inda kuwa ta tsira tana aiki, maigida ba ya yarda a taɓa ta, wai tana shan mai, alhali zafi ne da injin ke zubarwa a banza ko an karɓa ko ba a karɓa ba. Sai ka ga mota ta miliyoyi, mai ita a ciki ya lulluɓa da bargo yana kakkarwa, yara a baya suna hura hannu. An ba ni labarin wani attajiri da gwiwarsa ta danna maɓallin ɗumama kujera bai sani ba, ya ji zafi yana taso masa ta ƙasa kullum in ya shiga mota, ya sha maganin basir har ya gaji, ya koma zargin sammu, aka yi ta rubutu ana tofi, sai da ƙaramin ɗansa ya miƙa yatsa ya kashe 'yar fitilar.

Direbobin haya su ne suka warware mas'alar ɗumin ciki ba tare da taimakon Bature ba: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a ɗage gilashi, a cire mariƙin sauke shi a ɓoye a aljihun direba. Kafin a kai Kwanar Dangora kowa ya yi gumi, mai mura kuma ya raba wa jama'a abin da ya samu. Masu manyan motoci na gas ba na sa su cikin wannan raha sosai, domin injinsu da zafin matsi yake kamawa, jiran fitilar hita ta mutu kafin a ba da wuta wajibi ne na gaskiya, wanda batirinsa ya tsufa kuwa yakan kwana a kan gangara, yaran mota su yi sauran da kafaɗa. Abu guda da ba na wasa da shi shi ne ɗumama mota a gareji rufaffe, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar launi marar wari, wadda takan kwantar da mutum barcin da ba a tashi.

Ra'ayina, bayan dogon nazari, shi ne injin ba shi ne abin nufi ba. Mota da ke kwance a bayan katanga ba wanda ya san da ita, mutum kuwa ba zai bi gida gida yana shelar abin da Allah ya hore masa ba, kunya ta hana. Amma idan totur ya yi magana da asuba, unguwa ta shaida cewa motar tana nan ba a sayar ba, akwai mai a cikinta, maigida kuma yana raye cikin wadata. Hujjata ita ce abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa dubu. Na zaci israfin zai mutu a nan. Ashe fita da mota ce za ta mutu, ɗumamar tana nan daram. Yanzu mutum yakan sayi lita biyu a galan musamman domin asuba, ya tayar, ya taka totur, ya saurari injin, ya kashe, ya sa a lulluɓe ta da tamfol, sa'an nan ya gyara zaman hularsa ya taka zuwa bakin titi, ya tsaya cinikin naira hamsin da mai Adaidaita Sahu.