Ranar da Na Rungumi Minjirya

Masu cewa su haƙuri yake koyarwa 'yan bakin gaɓa ne, masu zama a inuwa da fatsa da rediyo. Wanda ya shiga ruwa ya wuce gwiwa ya san karatun ya fi haka zafi. Ni a Argungu aka biya mini nawa, a gaban surukina.

Bakano ne ni, haifaffen cikin badala. Ruwan da na sani bai wuce kududdufin unguwa ba, sai madatsar Tiga da aka taɓa kai mu muna 'yan makaranta. Matata kuwa 'yar Kabawa ce, masunta kaka da kakanni. Da muka je gaisuwa, bayan tuwon dare Baba, surukin nawa, ya ɗauko hirar da ba ya gajiya da ita: yadda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka binne tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, yadda ake hana su a kogin Matan Fada duk shekara sai ranar biki, yadda UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, da kifin kilo 78 da ya ci gasar 2020. Kowa yana tofa albarkacin bakinsa, ni kaɗai na yi tsuru. Shirun ne ya dame ni, sai na ji bakina ya ce, “Ai mu ma mun ɗan taɓa a Tiga.”

Baba ya ce, “Madalla, Malam.” Ƙanin matata, wanda Allah ya ɗora mini shi tun ranar ɗaurin aure, ya ce, “Ashe mijin Yaya namu ne! To gobe da asuba.”

Wani tafki suka kai ni a fadama, irin wanda ambaliya ke bari idan ruwa ya janye. Aka miƙo mini homa biyu da ƙaton gora. A ido abin ba wuya: ka kifa cikinka a kan goran, ya ɗauke ka, hannuwa suna aikin homa, abin da ka kama ka jefa ta bakin goran. Yara 'yan shekara goma suna ta yi suna hira. Na yi bismilla na hau. Goran ya yi nazarina kaɗan, ya ga ba mu saba ba, ya juye. Na tashi da bakin salati cike da laka, na sake hawa, ya sake juyewa. A karo na gaba shi ya hau ni.

“Bar goran, mijin Yaya,” in ji yaron nan. “Manya lalube suke yi.”

Lalube shi ne ka tsuguna cikin ruwa ka bi ramuka da gindin ciyawa da hannu. A nan gwaninta take. Masunci na taɓa kifi cikin duhun laka ya san ko wane ne: tarwaɗa da santsinta, karfasa da ɓawonta, ƙurungu da ƙayar da ke huda tafin hannu. Ni duk abin da na taɓa sunansa kifi, har da wani tsohon takalmi da na yi kokawa da shi.

Can hannuna ya faɗa kan wani abu mai taushi, mai ƙiba, ba ƙaya ba ɓawo, ko gudu bai yi ba. Kan ya ɗan ɓullo sama. Sai na ga yaran suna ja da baya, tafkin ya yi tsit. Na ɗauka girmamawa ce. Na ɗaga murya yadda Baba zai ji daga gaɓa, “Giwan ruwa!” na sa hannu biyu na rungume shi a ƙirji.

Jama'a, minjirya ce. Masana sun ce babbarta tana iya sakin wutar da ta kai volt 350, ta gidajenmu kuwa 230 ce, ita ma in an kawo. Da wutar take sumar da ƙananan kifaye ta haɗiye, shi ya sa ba ta da dalilin gudun kowa. A lokacin ban san ko ɗaya ba. Na dai ji kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu biyu lokaci guda, haƙorana suka haɗu, na yi wata ƙara da har yau matata ba ta yarda daga bakina ta fito ba. Na yanke hukuncin mutanen ruwa ne. Na nufi gaɓa da rarrafe ina jawo Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma addu'ar cin abinci.

Yaron ya sa homa ya kwaso ta. Ba ta kai tsawon damtsena ba. 'Yar ɓulɓul, mai ɗige-ɗige, da ƙananan idanu irin na marar laifi.

Na ce, “Kai, ka gan ta ka yi shiru?”

“Yo mi zan ce ma wanda ya yi su a Tiga?”

Baba ne ya ba ni tausayi. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, ba ya yiwuwa ya yi mini dariya. Sai dattijon nan ya juya baya ya ƙura wa wata bishiya ido, kafaɗunsa suna rawa, ya daɗe a haka. Da ya samu kansa ya juyo, ya share ido da bakin rawani ya ce, “Sannu, Malam. Ta Kano ba ta da wuta, ko?”

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Surukata ta aiko da man zafi ba tare da ta ce na mene ne ba. Yaran unguwa suka raɗa mini Mai Lantarki, wani ma ya biyo ni da wayarsa wai in taimaka masa da caji.

Ranar komawa na ratsa kasuwa na sayi bandar tarwaɗa rabin kwali, tsarabar maƙwabta. A Kano aka yi ta santi, maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko ni na kamo. Na gyara murya zan yi bayani, sai matata ta amsa daga ɗaki, “Nasa ba ya rabuwa, Alhaji. Shi kaɗai ya sha abinsa.”