Bayani Game da Tsuntsun da Aka Gani da Zobe a Ƙafa

Duk wanda ya ga tsuntsu da zobe a ƙafa, ko a gonar citta a Kaciya ko a gindin Tsaunin Kagoro, ya kwantar da hankalinsa. Tsuntsun bai yi aure ba. Ba yaron boka ba ne, ba kuma ɗan leƙen asirin wata ƙasa ba. Matafiyi ne, zoben nan kuwa shi ne katin shaidarsa, kuma shi kaɗai ya mallaka a duniya.

Ga yadda aikin yake. Masana kan kafa raga mai laushi da sassafe. Tsuntsu ya faɗa, su ciro shi, su auna fiffike da nauyi, su maƙala masa ɗan zoben alminiyam mai ɗauke da lamba da adireshi, su sake shi. Manya irin su mikiya kuwa, tun suna 'yan tsaki ake hawa har sheƙa a sa musu. Ba a neman izinin iyaye, shi ya sa mai hawa yake kula da ƙeyarsa. Wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, shi ya fara wannan aiki a 1899.

Ɗaya daga cikin abubuwan da zobe ya tona shi ne halin samari. Mikiyar Amurka mai farin kai, wadda ke jikin tambarin ƙasar, ba da farin kan take fitowa daga ƙwai ba. Sai ta kai shekara 4 zuwa 5 kan ke yin fari. Kafin nan ba aure, ba sheƙa, sai yawo kamar ɗan ci-rani. Wani ma'aikacin banki ɗan Kanada, Charles Broley, bayan ya yi ritaya yana wajen shekara 60, ya shiga hawan itatuwa da tsanin igiya a Fulorida daga 1939, har ya sa wa 'ya'yan mikiya fiye da 1,000 zobe. Sai ga zobunan suna dawowa daga gabashin Kanada, tafiyar sama da kilomita 2,000. Shi ne kuma ya lura ƙwai sun daina ƙyanƙyashewa yadda aka saba, ya zargi maganin ƙwari na DDT. A 1963 ma'auratan mikiya 417 kawai aka ƙirga a jihohi 48 na Amurka. Aka hana DDT a 1972, mikiya ta farfaɗo, a 2007 aka cire ta daga jerin masu shirin ƙarewa.

Yanzu har na'ura ake goya wa tsuntsu, mai aiko saƙon waya. A 2019 wata mikiya mai suna Min, wadda masanan Rasha ke bibiya, ta yi watanni a Kazakistan inda babu sabis, saƙonni suka taru. Da ta isa Iran sai suka fita gaba ɗaya a farashin ƙasar waje, kuɗin binciken ya ƙare, sai da masanan suka nemi gudummawar jama'a. Mikiyar ba ta biya ko kwabo ba. A 2013 kuma, a Kena ta ƙasar Masar, an kai wani ɗan'uwan shamuwa ofishin 'yan sanda saboda na'urar da ke bayansa. Bincike ya wanke shi, aka sake shi. Ba a jima ba labari ya zo cewa an kama shi an cinye.

Mu ma muna kan hanyar matafiyan nan. Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, amma tsuntsaye sun riga jirgi sanin yankin. Dazuzzukan Kagoro da Nindam suna cikin wuraren da duniya ta amince da muhimmancinsu ga tsuntsaye, domin a nan na kurmin kudu ke haɗuwa da na filin arewa. Da kaka ƙananan baƙi ke ƙetaro Sahara daga Turai, wasu nauyinsu bai kai giram 20 ba, su yi rani tare da mu, su koma da bazara. Shamuwa kuma da damina take zuwa arewa, ta yi sauran shekararta a kudancin Afirka. Cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos, da ke Laminga kusa da dajin Amurum, ta shafe sama da shekara 20 tana sa wa tsuntsaye zobe tana koyar da matasanmu aikin.

Saboda haka ga abin yi. In tsuntsun na da rai, a karanta lambar, a ɗauki hoto, a sake shi da zobensa. In matacce ne, a rubuta lamba da rana da wurin da aka same shi, a sanar da APLORI ko adireshin da ke jiki. Zoben ba azurfa ba ne, maƙeri ba zai saya ba, amma ga mai binciken da ya shekara yana jira, lambar nan ta fi zinariya. Iyaye, ku gaya wa masu danƙo: baƙon da ya ƙetaro hamada ya sauka a gonarku, a bar shi ya koma gida.