Zuwa ga Mai Girma Jirgin Alfarma, Global 7500

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da mai mulki, da fatan ka sauka lafiya. Ai ko ban tambaya ba na san lafiya ka sauka, domin kai ba ka san wata irin sauka ba. Ni kuwa da safen nan, tsakanin Shagari da Boɗinga, motar hayar da muke ciki ta faɗa wani rami, kaina ya daki rufi, ƙwaryar nonon wata baiwar Allah ta juye a kan farar shaddata, ga shi ɗaurin aure za ni. Direba ya waigo ya ce, "Ku yi haƙuri, wanga rame jiya bai kai haka ba." Muna tsaye bakin hanya ana duba taya sai ga wani ɗan'uwanka ya ratsa ta kanmu yana gangarawa filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, sumul, ko tari bai yi ba.

Na san darajarka, yallaɓai. Kamfanin Bombardier na Kanada ne ya ƙera ka. Kana cin kilomita dubu 14 da ɗoriya ba ka tsaya shan mai ba. A 2019 wani daga cikinku ya tashi daga Sidni ta Ostireliya bai dire ba sai Ditiroyit ta Amurka. Kana hawa ƙafa 51,000, sama da inda manyan jiragen fasinja ke bi, wato ko a sararin ma ba ka haɗa hanya da masu sayen tikiti. Cikinka sashe huɗu ne, da falo da wurin cin abinci da ɗakin kwana mai gado, wanda ya biya ma a sa masa wurin wanka. Mutum 19 kake ɗauka in an matsa. Mu motar mutum biyar muke shiga mu takwas, ban da buhun albasa. Kuɗinka ya haura dala miliyan 70. Allah ya sanya alheri, ba hassada ta sa ni rubutu ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya fukafukanka ne. An ce da gangan aka yi su masu lanƙwasa, idan iska ta yi gargada su shanye jijjigar kafin ta kai ga kujerar mai gida. To ka ji! Injiniyoyi sun zauna shekara da shekaru suna lissafi don kada shayin mutum ɗaya ya motsa a kofi, a wurin da babu ko kwalta balle rami. Wa ya ce ka yi masa haka? Mutumin da ƙugunsa bai taɓa sanin rami ba, ta ina za a fara yi masa bayani? In ka ce masa hanya ta lalace sai ya ɗauka kana nufin jirgi ya yi jinkirin minti goma. Kai ne ka lalata mana manya. Ka shanye musu jijjiga, ka shanye musu ƙura, ka shanye musu zafin watan Afrilu, har fitilunka suna sauya haske don kada barcinsu ya rikice in sun tsallaka teku. Mu namu hasken shi ke yanke wa kansa ranar zuwa. Batun kwastam da suka sha kiran masu irinka su kawo takardun fito kuwa, wannan tsakaninku ne.

Kuma kada ka ga ƙura ka raina yankinmu. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Kan dawaki da raƙuma ake zuwa wurinsu daga ko'ina, kuma doki yana da hankalin kauce wa rami. Shagari ta ba Nijeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A watan da ka fara aiki, Disamban 2018, a watan ne Allah ya yi wa Alhaji Shehu Shagari rasuwa, aka kai shi garinsu aka rufe. Allah ya jiƙansa. Duk ƙarfinka, iyakarka Sakkwato. Sai an shimfiɗa maka titi mai laushi na kusan kilomita biyu kafin ka yarda ka tashi. Daga nan dole baƙinka su biyo hanyarmu, amma a manyan motoci masu baƙin gilashi, da jiniya tana kora mu gefe, suna shawagi a kan ramukan da ke karya mana sifirin. Tafiyar da kai ba za ta ɗauke ka minti biyar ba, mu sai mun yi salati ya fi a ƙirga.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ba na neman ka ɗauke ni, ina ni ina Landan. Idan ka sake kawo su, ka gaya musu su bar motocin nan a filin jirgi, su shiga ta haya, gidan baya, daga tasha har Shagari, su dawo. Kuɗin motar a wuyana.

Wassalam,
Wani fasinja daga Boɗinga