Masu Zama Gaban Kwamfuta a Runjin Sambo

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan a 2015, biyan kuɗin gwamnati kuma ya koma ta Remita, shagunan kwamfuta na Runjin Sambo ke cika da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikata masu rungume da fayil. Na'urar dai iri ɗaya ce, a shago ko a ofis, masu zama gabanta ne kala-kala.

Akwai Malam Babu-Sabis. Kafin ka ƙarasa sallama ya tare ka: "Sabis ya tahi, sai gobe in Allah ya kai mu." A da cewa yake ba a ga fayil ba, yanzu ya samu wanda zai ɗora wa laifi, wanda kuma ba ya musu. Sabis ɗin da ya hana shi tura takardarka bai taɓa hana shi kallon TikTok ba.

Sai Ranka-ya-daɗe, shugaban ofis. Kwamfutarsa lulluɓe take da ƙyalle don ƙurar hunturu, ko da ana tsakiyar damina. In saƙon imel ya zo, sai an buga masa a takarda, ya sa hannu, a ɗauki hoton takardar, a mayar da ita cikin kwamfutar da ta fito. Lambar sirrinsa masinja ne ya haddace. Amma a taro, shi ke jan kunnen ma'aikata su rungumi zamani.

Ofishin nan kuwa a wuyan Injiniya yake, wato ɗan bautar ƙasa da iliminsa bai wuce a kashe a kunna ba. Ranar da ya tafi ɗaurin aure Wamakko, aiki ya tsaya cak.

Wanda nake tausayi shi ne Baba ɗan fansho. Ya zo tantancewa, fartanya ta cinye zanen yatsansa. A goga a riga, a hura, a danna, shiru.

"Ɗana, wanga yatsa da shi niy yi aikin gwamnati shekara 35. Yau ƙarhe ya ce ba ni ba na?"

Mai POS shi ne ya ci riba. Tun ƙarancin takardun naira na 2023 ya zama manajan banki a ƙarƙashin lema. In an cire kuɗinka ba su shiga ba, ko ɗago kai ba ya yi: "Alhaji, ka yi haƙuri awa 24." Bai faɗi daga yaushe za a fara ƙirga ba.