Ijtihadin Mai Sifana

Malamai sun yi ittifaƙi cewa neman ilmi wajibi ne, amma babu wanda ya yi fatawar kowane mai Fijo 504 ya zama bakanike. Duk da haka maigida yakan ci ɗamara, ya tsiyaye ruwan lagireto, ya sassauta fambel, ya kwance fanka, sa'an nan ya fuskanci ƙusoshin famfon ruwa, waɗanda tsatsa ta ɗaura musu aure da kan inji, ya yi ta murɗa da sifana har ɗaya ta karye a ciki. Daga nan sai turi zuwa gareji, inda ake biyan ladan gyara biyu, na famfo da na ijtihadin maigida. Ya kai mai karatu, kafin ka ɗauki sifana, tanadi kuɗin bakanike.